Fashin baƙi: Me ya sa sunan Hidetoshi Nakata ya ƙi dusashewa?

Duk lokacin da tawagar Japan ta yi abin a zo a gani a ƙwallon ƙafa, sai ka ji an tono sunan mutumin da rabonsa da wasan gasa tun 2006. Haka aka yi a 2022 da suka doke Jamus da Sifaniya a Ƙatar. Haka aka sake yi a watan Maris na 2025 da suka riga kowa samun gurbin gasar cin kofin duniya ta 2026, in aka cire masu masaukin baƙi.

A wani gidan kallo da nake leƙawa, wani matashi ya taɓa buɗe wayarsa ya karanto mana alƙaluman mutumin da ƙarfi: ya buga wa ƙasarsa wasa 77, ya ci ƙwallo 11. Sai ya juya wajen wani dattijo da ke bencin baya ya ce, "Kawu, wannan ne kuke ta zuzuta mana? Ai ko Okazaki ƙwallo 50 ya ci." Dattijon ya kurɓi shayinsa ya ce, "Yaro man kaza. Kai lamba ka gani, mu wasa muka gani."

Matashin bai yi ƙarya ba, dattijon ma haka. Tambayar ita ce: ta yaya ɗan wasan da ya bar fili yana da shekara 29, bai taɓa ɗaukar kofin zakarun Turai ba, kuma 'yan bayansa da dama suka fi shi tara kofuna, har yanzu shi ne sunan da ke fara zuwa bakin mutane in an ce ƙwallon Japan?

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Mafi yawan gardamar da ake yi kan Nakata, kalmomi ne ba a rarrabe ba. Akwai bajinta, wato abin da ɗan wasa ya yi a fili wanda za a iya ƙirgawa: wasanni, ƙwallaye, kofuna. Akwai shahara, wato nisan da sunansa ya kai, ko da wajen waɗanda ba su taɓa ganin wasansa ba. Sannan akwai farin jini, wato yadda zukata ke karkata gare shi, a so ganinsa, a sayi abin da ya taɓa.

In bajinta zalla za a auna, Nakata ba shi ne na ɗaya a Japan ba. Kunishige Kamamoto ya ci wa ƙasar ƙwallo 75. Yasuhito Endo ya buga wasa 152. Shinji Kagawa ya ɗauki kofin gasar Jamus sau biyu da Dortmund, ya ƙara da na Firimiya a Manchester United a 2013. Keisuke Honda ya ci ƙwallo a gasar kofin duniya uku a jere. Kuma ba shi ya fara tsallakawa Turai ba, kamar yadda wasu ke zato. Yasuhiko Okudera ya je Cologne a 1977, shekarar da aka haifi Nakata, ya ɗauki kofin Jamus a 1978. Kazuyoshi Miura ya riga shi buga gasar Italiya da Genoa a 1994.

Saboda haka amsar tana ɓangaren shahara da farin jini, kuma waɗannan biyun lokaci da yanayi ke gina su.

Japan ɗin da ya tarar

An haifi Nakata ranar 22 ga Janairun 1977 a garin Kofu da ke lardin Yamanashi. Ya taso a ƙasar da ƙwallon ƙafa ba ita ce ran jama'a ba. Wasan ƙwallon gora irin na Amurka, wato baseball, da kokawar sumo su ne ke riƙe da talabijin. Gasar ƙwararru ta J.League sai a 1993 aka fara ta.

A watan Oktoban wannan shekarar ne Japan ta sha wani ɗaci da har yau ba ta manta ba. A Doha, tana cin Iraƙi 2-1, saura 'yan daƙiƙoƙi ta samu tikitin kofin duniya na farko a tarihinta, sai Iraƙi ta farke. Aka tashi 2-2, Koriya ta Kudu ta tafi Amurka, Japan ta koma gida. Bayan shekara uku aka ba ta haɗin gwiwar karɓar baƙuncin gasar 2002 tare da Koriya, abin ya ƙara zama nauyi: ƙasar da ba ta taɓa zuwa gasa da guminta ba za ta shiga ta ƙofar mai gida.

Ranar 16 ga Nuwamban 1997, a Johor Bahru ta Malesiya, aka yi karon raba gardama da Iran na neman gurbin kofin duniya na 1998. Nakata yana da shekara 20. Shi ya zura wa Masashi Nakayama ƙwallon farko. Da Iran ta juya wasan ta koma 2-1, shi ya ɗaga ƙwallon da Shoji Jo ya sa kai ya farke. A ƙarin lokaci kuma shi ya ja ƙwallo ya ɗirka, golan Iran ya ture, Masayuki Okano ya ƙarasa ta raga. Uku da biyu, kuma duka ukun sai da suka bi ta ƙafarsa. Duk Bajapanen da ya hana idonsa barci a daren nan, in ya tuna ranar da ƙasarsa ta fara zuwa kofin duniya, fuskar wannan yaron ce ke zuwa masa. Irin wannan gurbi sau ɗaya ake shigarsa, ko wanda ya fi shi iya wasa ya zo daga baya, ya tarar an riga an zauna.

Hukumar ƙwallon Asiya ta ba shi gwarzon ɗan wasan nahiyar a 1997 da 1998.

Masu bin ƙwallon Najeriya sun haɗu da shi tun kafin nan, ko ba su lura ba. Yana cikin tawagar Japan ta 'yan ƙasa da shekara 17 da su Nwankwo Kanu suka cire da ci 2-1 a 1993. A wasannin Olamfik na Atlanta a 1996 yana cikin waɗanda suka ba duniya mamaki suka doke Brazil 1-0, sannan Najeriya ta lallasa su 2-0 a wasa na gaba. A hutun rabin lokacin wannan wasa ne ya nuna rashin gamsuwa da yadda ake noƙewa a baya, kociya Akira Nishino ya ajiye shi a wasan ƙarshe da Hungary. Yaro ɗan shekara 19 ke nan, a ƙasar da ƙarami ba ya ɗaga wa babba murya.

"Ai don a sayar da riga aka saye shi"

Wannan ita ce maganar da ta fi yawo, kuma ba ta rasa tushe ba. Japan ta sha kashi a duka wasanninta uku a Faransa a 1998, amma yaron nan mai rinannen gashi ya fita daban. Perugia, wadda ta hauro gasar Serie A a shekarar, ta ɗauke shi. Mai ƙungiyar, Luciano Gaucci, mutum ne mai son a riƙa maganarsa. Shi ne daga baya ya ɗauki ɗan Gaddafi, Saadi, a matsayin ɗan wasa, shi ne kuma ya yi ta kumfar baki kan ɗan wasansa Ahn Jung-hwan don ya ci ƙwallon da ta fitar da Italiya a 2002. Wanda ya san halin Gaucci, in ya ce kasuwa ce ta sa aka sayi Bajapane, ba za a ga laifinsa ba. Kuɗin ma sun shigo: dubban Japanawa suka riƙa tururuwa zuwa wani ƙaramin gari a tsakiyar Italiya, riguna suka ƙare a kanti, 'yan jarida suka tare a bakin filin atisaye.

Sai dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wasan farko na kaka, 13 ga Satumban 1998, Juventus mai riƙe da kofi ce ta zo. Kafin hutu an zura wa Perugia uku. Da aka dawo Nakata ya ci biyu shi kaɗai. An tashi 4-3 Juventus ce da nasara, amma washegari maganarsa ake yi. Ya gama kakar da ƙwallo 10 daga tsakiya, a lokacin da gasar Italiya ce ta fi kowace tsaurin baya a duniya, Perugia kuma ba ta faɗi ba.

A Janairun 2000 Roma ta saye shi. Nan ya gamu da matsala biyu: gurbin da ya fi iyawa na Francesco Totti ne, ɗan gari kuma kyaftin, sannan akwai dokar da ta taƙaita yawan 'yan wasan da ba na Tarayyar Turai ba da za a sa a fili. Ya daɗe yana ɗumama benci. Kwanaki kaɗan kafin wasan da ya fi kowanne muhimmanci a kakar 2000/2001 aka soke dokar.

Ranar 6 ga Mayun 2001, a Turin. Roma ce ta ɗaya, Juventus na binta. Minti shida da farawa Del Piero da Zidane sun ci biyu. Wajen minti na 60 Fabio Capello ya yi abin da magoya bayan Roma ba su saba gani ba: ya cire Totti ya sa Nakata. Saura minti goma sha ɗaya a tashi, Nakata ya ƙwace ƙwallo a tsakiya, ya ɗan ja ta, ya sheƙa daga nesa, ta wuce Edwin van der Sar. A ƙarin mintuna ya sake ɗirkawa, golan ya kasa riƙewa, Vincenzo Montella ya farke. Biyu da biyu.

Ga lissafin da matashin gidan kallonmu bai gani a wayarsa ba. Roma ta gama kakar da maki 75, Juventus da 73. Da Juventus ta riƙe nasararta a daren nan, sauran wasanni kuma suka tafi yadda suka tafi, da ita ke da 75, Roma 74. Roma ba ta ɗauki kofin ba tun 1983, kuma har yanzu ba ta sake ɗauka ba tun 2001. Rabin sa'a ɗaya ta sa sunansa cikin tarihin birnin Rum.

Parma ta saye shi a bazarar kan kuɗin da ya kai kusan Yuro miliyan 28, farashin da babu ɗan Asiya da ya wuce shi sai a 2015 da Tottenham ta ɗauki Son Heung-min. Ya ci ƙwallo a wasan ƙarshe na kofin Coppa Italia na 2002, Juventus ɗin dai, Parma ta ɗauki kofin. Daga nan tauraronsa ya fara ja baya: aro a Bologna, kaka maras armashi a Fiorentina ga ciwon matsematsi, sai aro a Bolton ta Ingila a 2005. A can ya tarar da Jay-Jay Okocha da El Hadji Diouf, kuma dukansu ukun suna cikin jerin fitattun 'yan wasa masu rai da Pelé ya fitar a 2004. 'Yan Asiya biyu ne kawai a jerin, shi da Hong Myung-bo na Koriya ta Kudu.

A ganina, shekarunsa na ƙoli ba su wuce huɗu ba, daga 1997 zuwa 2001. Amma sun faɗo daidai lokacin da duk Japan ke zuba ido kan mutum ɗaya.

Halin da ya raba kan jama'a

A Japan girman na gaba ba abin wasa ba ne, har a filin ƙwallo. Nakata ya shigo tawagar ƙasa yana kiran manyansa da sunayensu kai tsaye, yana nuna musu inda za su tsaya, yana zura ƙwallo da ƙarfi inda yake ganin ya kamata ɗan gaba ya kasance, ko da bai isa wurin ba. Ga matasan da suka taso bayan tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe a farkon shekarun 1990, suka ga iyayensu sun yi wa kamfani biyayya har tsufa amma aiki ya daina tabbata, wannan yaron da ya koyi Italiyanci ya tafi ya nemi na kansa ya zame musu madubi.

Da 'yan jarida kuwa tun da wuri suka saɓa. A 1998 wata jarida ta ruwaito shi yana kushe taken ƙasa, masu tsattsauran kishin ƙasa suka taso shi a gaba. Ya buɗe shafinsa na intanet, nakata.net, ya koma rubuta wa masoyansa saƙo da kansa. Yau kowane ɗan wasa yana da Instagram, abin ba ya ba da mamaki. A lokacin ba a yi Facebook ba ma. Tun yana ɗan shekara 21 ya gane cewa wanda ke riƙe da labarinsa shi ke riƙe da darajarsa.

Masu sukarsa suna da hujjojinsu. A gasar kofin nahiyoyi ta 2001 shi ya ci bugun tazarar da ya kai Japan wasan ƙarshe, sannan ya haɗa kayansa ya koma Roma don kada a ɗauki kofi ba ya nan. Kociyan Japan a lokacin, Philippe Troussier, wanda ya taɓa jan ragamar Super Eagles a 1997, bai ji daɗi ba, Faransa kuma ta ci wasan 1-0. A 2006 an yi ta maganar cewa akwai rata tsakaninsa da abokan wasansa, yana faɗa musu gaskiya a bainar jama'a ba tare da ya ja su a jiki ba. Masoyansa na cewa shi kaɗai ya san nisan da ke tsakanin Japan da manyan ƙasashe. Masu suka na cewa sanin ciwo daban, iya jinya daban. Ni na fi karkata ga cewa dukansu sun ga wani ɓangare na mutum ɗaya ne, kuma wannan jayayya tana cikin abin da ke raya sunansa. Ɗan wasan da kowa ya yarda da shi, da wuri ake gama maganarsa.

Dortmund

Ranar 22 ga Yunin 2006, a birnin Dortmund na Jamus, Brazil ta doke Japan 4-1 a gasar kofin duniya, aka fitar da ita a zagayen rukuni. 'Yan wasa suka gaisa suka shige ciki. Nakata ya kwanta rigingine a da'irar tsakiyar fili, ya rufe fuskarsa da riga, ya daɗe a haka filin na watsewa. Ranar 3 ga Yuli ya sanar a shafinsa cewa ya bar ƙwallo, kuma ya ce ya yanke shawarar tun watanni kafin gasar.

Ba rauni ne ya kore shi ba, kamar yadda ake yawan faɗa. Abin da ya riƙa maimaitawa a hirarraki daga baya shi ne daɗin wasan ya fita daga ransa, harkar ta koma kasuwanci. Akwai abin dariya a nan, don kaɗan ne suka ci moriyar kasuwancin ƙwallo kamarsa: tallace-tallace, zaman sahun gaba a bikin nuna tufafi na Milan, har muƙamin jami'i a kamfanin kayan ƙwalam na Tohato tun 2003 yana tsaka da wasa. Ba banza aka riƙa kwatanta shi da David Beckham ba.

Amma tafiyar wurin ta yi masa rana. Babu wanda ya gan shi yana jan ƙafa a ƙaramar ƙungiya, babu wanda ya gan shi a matsayin kociyan da aka kora bayan wata shida. Eric Cantona ma da ya tafi yana da shekara 30 haka ya tsira da kwarjininsa.

Abin da ya yi da sunan

Ya yi shekaru yana yawon duniya, ya shirya wasannin tara kuɗin agaji, ya kafa gidauniyar Take Action. Ya ce a yawon ne ya gane ana tambayarsa game da Japan ya kasa ba da amsa. Daga 2009 ya fara zagaya larduna 47 na ƙasar, daga Okinawa a kudu har Hokkaido a arewa, wajen manoma da maginan tukwane da masaƙa da masu noman ganyen shayi. Tafiyar ta ci shi sama da shekara shida.

Inda ya fi zuba ƙarfinsa shi ne sake, giyar shinkafa ta gargajiyar Japan. Ga mai karatu Musulmi wannan haja ce da ba ruwansa da ita, amma labarin ba zai cika ba sai da ita. Shan ta a cikin gida ya kai ƙololuwa a farkon shekarun 1970, yanzu bai kai kashi ɗaya bisa uku na wancan ba, gidajen da suka gaji sana'ar kaka da kakanni suna ta rufewa. A 2015 ya kafa kamfanin Japan Craft Sake Company, ya fito da manhajar waya mai suna Sakenomy, ya kuma fara baje koli na shekara-shekara a unguwar Roppongi ta Tokyo. A Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa fasahar haɗa sake cikin kayan gadon al'adun duniya. Ba shi ya jawo hakan ba, amma ya daɗe yana tallata ta a waje kafin nan.

Wa ya amfana, wa ya biya

Ƙaramin mai sana'a a ƙauyen Japan da ba shi da kuɗin talla, in Nakata ya zo ya zauna a shagonsa da kyamara, ya samu abin da bai isa ya saya ba. Akwai kuma masu cewa irin wannan talla ta fi amfanar kayan masu hannu da shuni, kuma hasken ya fi sauka kan baƙon fiye da mai sana'ar.

A ƙwallo, ƙofar da ya faɗaɗa ta zama babbar hanya. Shinji Ono ya tafi Feyenoord a 2001, Shunsuke Nakamura ya tafi Reggina a 2002. Yau kusan duk tawagar Japan a Turai take wasa, har wani kamfanin Japan, DMM, ya sayi ƙungiyar Sint-Truiden ta Beljiyam a 2017 ta zama zangon farko ga matasa. Wataru Endo ta nan ya bi kafin Stuttgart da Liverpool. Wanda ya biya kuɗin wannan shi ne mai sayen tikiti a J.League, wanda da zarar yaron ƙungiyarsa ya fara haskawa sai a ɗauke shi, sau da yawa a farashi mai rahusa. Mai goyon bayan Kano Pillars da ya ga tafiyar Ahmed Musa a 2010 ya san wannan zafin.

Abin da zai gwada shaharar Nakata nan gaba shi ne tsarar da ba ta gan shi ba. Takefusa Kubo na Real Sociedad, ɗaya daga cikin taurarin Japan na yanzu, an haife shi ranar 4 ga Yunin 2001, wata guda bayan daren Turin. Ga sa'o'insa, Bajapane a babbar gasar Turai ba labari ba ne. Japan kuma har gasar 2022 ba ta taɓa wuce zagayen 'yan 16 a kofin duniya ba, inda su Nakata suka kai ta a 2002 kafin Turkiyya ta cire su. Ranar da wani yaro ya ci ƙwallon da ta kai ƙasar inda ba ta taɓa zuwa ba, shi ma zai samu irin gurbin da Johor Bahru ta ba Nakata.

Miura kuwa, wanda ya girme shi da shekara goma, wanda aka cire daga tawagar 1998 ana gab da gasa, ya wuce shekara 57 yana sa riga mai lamba 11 a ƙananan ƙungiyoyi. Shi kuma Nakata ya sha faɗa cewa ko kallon ƙwallo bai cika yi ba.